Kafin Ku Sayar da Tsohuwar PlayStation

Ƙannena, tun ranar 5 ga Yunin 2025 da kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Switch 2, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin masu son gem: ta kai PS4? Wasu su ce ta wuce ta nesa ba kusa ba, har tana taka sawun PS5. Wasu su ce ai 'yar ƙaramar aba ce, ina za ta iya. Na san a cikinku akwai wanda tuni ya fara lissafin abin da tsohuwar PS4 ɗinsa za ta yi a kasuwa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya ga ko za su kai dala 450, farashin da aka fito da ita a Amurka a 2025, kafin a ɗora kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurin ɗalibi ko yaron shago, shi ya sa nake so mu yi maganar a tsanake. Tambayar ba ta da amsa guda, domin kowane wasa da aka ciro daga babbar na'ura aka dasa shi a ƙarama da tasa amsar yake zuwa. Sunan da ke jikin kwali ɗaya ne, amma abin da ke ciki sau da yawa ba ɗaya ba ne, kuma kuɗinku a kan abin da ke ciki za ku kashe shi.

Mu fara da wuta, don daga nan komai ya taso. PS4 ta farko, wadda ta fito a Nuwambar 2013, tana jan sama da wat 100 idan ana wasa mai nauyi. PS5 takan kai wajen wat 200. Suna iya yin haka ne saboda a bango suke shan wuta, kuma suna da babbar fanka da wadataccen fili a ciki na fitar da zafi. Switch 2 kuwa, idan tana hannunka, a kan batir take rayuwa, kuma Nintendo da kansa ya ce batirin yana ɗaukar tsakanin awa 2 zuwa 6 da rabi, ya danganta da nauyin wasan. Idan aka auna girman batirin da awa biyun nan, za a ga gaba ɗayan na'urar, har da hasken sikirin da sauti, tana aiki ne da wajen wat 10. Ba za a iya ƙara mata da yawa ba, domin duk wutar da ta ja zafi take komawa, zafin kuma a tafin hannunka zai sauka. Saboda haka wanda aka ba aikin dasa wasa yana fuskantar abin da tela ke fuskanta idan aka kawo masa yadi biyar aka ce ya fitar da ɗinkin da aka saba yi da yadi goma. Dole ya rage. Gwanin tela yakan rage a inda ido ba ya zuwa, wanda bai iya ba kuwa sai ya rage a gaban riga.

Abin da aka fi fara ragewa shi ne yawan ƙwayoyin hoto. Hoton da ake kira 1080p yana da ƙwayoyi sama da miliyan 2, na 720p yana da dubu 921 da ɗoriya, na 540p kuwa kashi ɗaya ne cikin huɗu na 1080p. Sai yawan hotunan da na'ura ke zanawa a sakan ɗaya, ko 60 ko 30. Daga nan a shiga cikin wasan kansa: a rage mutanen da ke yawo a titi, a sassauta inuwa, a gajarta nisan da ido ke hange, a sa ciyawa ta riƙa tsirowa sai ka matso kusa da ita. Idan duk wannan bai isa ba, sai a yanke wani ɓangare na wasan gaba ɗaya, kuma wannan shi ne ragin da ya fi ciwo, don ba kasafai ake rubuta shi da manyan baƙaƙe ba.

Switch ta farko, ta Maris 2017, mai ram giga 4 kacal, ta nuna iyakar abin da gwaninta ke iya yi. Kamfanin Panic Button ya dasa mata Doom a wannan shekarar, ya sauko da shi daga hotuna 60 na PS4 zuwa 30. A 2019 kamfanin Saber Interactive ya cusa The Witcher 3, da dukkan ƙarin labaransa biyu, a kati ɗaya mai giga 32, yana gudu a wajen 540p idan a hannu ne. Hoton ya yi dishi-dishi, babu musu, amma ba a cire ƙauye ɗaya ko labari ɗaya ba. A ganina wannan shi ne ma'aunin dashe mai kyau: a taɓa ado, a bar wasan.

A Switch 2, wasan da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Cyberpunk 2077, saboda tarihinsa da PS4 sananne ne. Ya fito ranar 10 ga Disambar 2020, kuma a PS4 ya fito a gurguje. Kana tuƙi sai ka tarar gini bai gama bayyana ba, fuskar mutum ta zo babu ido babu hanci sai bayan 'yan sakanni, gudu ya faɗi ƙasa warwas da zarar an fara harbi. Abin ya kai Sony, mai PS4, ta cire shi daga shagonta na intanet bayan mako guda, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yunin 2021. Da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da ƙarin labarin Phantom Liberty a Satumbar 2023, bai ma kai shi PS4 ba. To, wannan wasan ne, har da Phantom Liberty ɗin, aka saka a katin Switch 2 mai giga 64 tun ranar farko. A nan kam babu jayayya, ƙaramar ta kayar da babbar.

Ta yaya wat 10 ya kayar da wat 100? Kusan shekaru goma sha biyu ne tsakaninsu. PS4 tana karanto wasa daga faifai mai juyawa, kuma birni irin na Cyberpunk yana bukatar a riƙa ɗebo gine-gine da motoci cikin sauri fiye da yadda faifan zai iya. Switch 2 tana da ma'adana marar juyi irin ta wayoyin zamani, giga 256. Ram ɗinta giga 12 ne, na PS4 giga 8. Ƙwaƙwalwar PS4, wadda kamfanin AMD ya ƙera da sunan Jaguar, tun a zamaninta ma ba a yaba ƙarfinta ba. Sannan ga babban makamin, wato DLSS na kamfanin Nvidia, wanda ya ƙera zuciyar Switch 2. Na'urar takan zana hoto ƙarami, mai ƙwayoyi kaɗan, don ta huta, sai wani tsari da aka horar da ɗimbin hotuna ya duba wannan hoton da waɗanda suka gabace shi, ya cike gurbin, ya fito da shi kamar 1080p. PS4 ba ta da wannan ko kaɗan. Amma ku sani cikon hasashe ne. Idan kana tsaye kana kallon titi, da wuya ka gane. Idan mota ta wuce da gudu, ko ka juya kamara da sauri, za ka iya ganin saura-saura a bayan abu, ko wayar lantarki da shingen ƙarfe suna rawa.

Akwai wata dabara a wasan da nake so ku fahimta, don za ku riƙa cin karo da ita. An ba shi zaɓi biyu, hotuna 30 a sakan da hoto mai kyau, ko 40 da ɗan ragi. Mutum zai ce 40 ai kusa take da 30. A ido ba haka ba ne. A 30, kowane hoto yana tsayawa wajen kashi 33 cikin dubu na sakan. A 60 wajen 17. A 40 kuwa 25 daidai, wato tsakiyar tazarar. Kuma sikirin ɗin Switch 2 yana sabunta kansa har sau 120 a sakan, 40 kuwa tana shiga 120 sau uku cif, babu tsalle. Sai dai idan ka ɗora na'urar a mazauninta ka haɗa da talabijin, wannan zaɓin yana bukatar talabijin mai 120, yawancin na gidajenmu kuwa 60 ne.

Da PS5 fa? A nan ku sauke buri. Mutanen titi da motoci sun fi yawa a PS5, hoton ya fi tsafta, gudun ya kai 60. A unguwar Dogtown ta Phantom Liberty, inda wasan ya fi nauyi, Switch 2 takan yi nishi. DLSS yana taimaka wa ɓangaren zana hoto ne, ba ya taimaka wa ɓangaren da ke lissafin motsin mutum ɗari a kasuwa, kuma a nan ne ƙaramar na'ura ke gajiya.

Yanzu mu zo kan abin da yawancinku ke bugawa. Ku shiga kowane gidan gem a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ba Cyberpunk za ku tarar ba, ƙwallo ce. Kuma a ƙwallo tarihin na'urorin hannu bai yi daɗi ba. FIFA 18 ta Switch ba a kan injin Frostbite na PS4 aka gina ta ba, kuma ba ta da labarin The Journey. Daga FIFA 20 har FIFA 23, abin da kamfanin EA ya riƙa sayar wa masu Switch shi ne abin da ya kira Legacy Edition: tsohon wasa ne, an sabunta riguna da sunayen 'yan wasa, kamfanin ma bai ɓoye ba, ya rubuta cewa babu sabon abu a salon bugu. Sai a FC 24, magajiyar FIFA, a 2023, aka kawo Frostbite, amma a hotuna 30. Da FC 26 ta fito a Satumbar 2025, a Switch 2 ma 30 ɗin ce, alhali PS4, mai kusan shekara goma sha biyu a duniya a lokacin, tana ba ka 60 a fili. Wanda ya saba yanka da saurin ba da ƙwallo ya san abin da wannan ke nufi. Tsakanin lokacin da ka danna da lokacin da ɗan wasa ya motsa akwai ɗan jinkiri, kuma yatsa yana jin sa tun kafin ido ya gani. Don haka na'ura ɗaya ce ta kayar da PS4 a wani wasa, PS4 ta rama a wani. Idan ƙwallo ce rayuwarka ta gem, ka riƙe wannan.

A wasan faɗa ma haka. Street Fighter 6 a Switch 2 yana riƙe 60 a karawar mutum biyu, domin kamfanin Capcom da ya yi shi ya san wasan faɗa ba ya yiwuwa da ƙasa da haka, sai ya rage a wani wuri. Mortal Kombat 1 kuwa, da ya zo Switch ta farko a Satumbar 2023, an sayar da shi dala 70, daidai da farashin na PS5, ga fuskoki sun lalace, ga jiran lodi mai tsawo. Abin lura shi ne, Saber Interactive da aka yaba wa a The Witcher 3 yana cikin waɗanda suka yi wannan aikin. Ke nan sunan kamfani ma ba lamuni ba ne. Lokacin da aka ba ma'aikata, da kuɗin da aka ware, da ko wasan tun asali zai iya lanƙwasuwa, su ne ke yanke hukunci. Batman: Arkham Knight, wanda ya yi kyau ƙwarai a PS4 tun 2015, da aka dasa shi a Switch a ƙarshen 2023 sai ya riƙa sarƙewa da zarar ka hau motar Batman.

Wannan matsalar ta girmi yawancinku. A 1993 an kai Mortal Kombat na'urar Game Boy mai maɓallan bugu biyu da sikirin marar launi, aka bar Johnny Cage a waje. PSP ta Sony, wadda ta fito a Japan a ƙarshen 2004, sandar juyi ɗaya gare ta maimakon biyun PS2, don haka duk wasan da ke bukatar juya kamara sai an yi masa dabara. Ku da kuke buga wasannin PSP a waya ta manhajar PPSSPP, ku lura da waɗanda suka fi daɗi har yau: God of War: Chains of Olympus na 2008 da Ghost of Sparta na 2010, da GTA: Liberty City Stories na 2005. Duka an gina su ne don PSP tun daga tushe, ba rago ba ne na wani babban wasa; na GTA ɗin ma daga baya ne aka kai shi PS2. Haka abin yake a Nintendo, wasannin da ya gina wa na'urarsa da kansa, irin su Zelda da Mario Kart, su ne suka fi zama daram a kanta. Af, tun da maganar PPSSPP ta zo: ƙwallon PES ta ƙarshe da kamfanin Konami ya fitar wa PSP ita ce PES 2014. Duk wadda aka tura maka da sunan shekarar bana, tsohon wasa ne masu sha'awa suka canza wa riguna da fuskoki. Babu laifi a buga ta, amma kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan sabuwa ce.

Ina so in ja kunnenku a kan bidiyoyin gwaji da ake sakawa a YouTube, inda ake raba sikirin biyu, a tsayar da hoto, a zuƙo ganyen bishiya har ya cika fuska. Masu yin wannan da gaske, irin su Digital Foundry na Ingila, suna aiki mai amfani, kuma ina ba ku shawara ku duba abin da suka auna kafin ku saya. Amma ku san me kuke dubawa. Sikirin ɗin Switch 2 inci 7.9 ne. Ragin da ke bayyana ƙarara a talabijin mai inci 50 sau da yawa ba ya ganuwa a wannan ɗan fili, kuma babu mai buga wasa a tsaye cak yana ƙirga ganye. Akasin haka ma gaskiya ne, tsayayyen hoto yana iya yin kyau alhali wasan yana tsalle-tsalle idan ya motsa. Ku fi kula da layin da ke nuna gudun hotuna, musamman a wurin faɗa da cikin gari. Wasan da ya tsaya a 30 bai motsa ba ya fi daɗin hannu a kan wanda ke hawa 45 ya faɗo 25. Kuma ku duba ranar da aka yi bidiyon, domin wasanni da dama ana gyara su bayan fitowa.

Sai maganar da masu gwaji na Turai da Amurka ke wucewa da sauri, mu kuwa ita ce ta fi shafar aljihunmu. Da yawa daga wasannin da wasu kamfanoni suka dasa a Switch 2 ana sayar da su ne a wani sabon nau'in kati da Nintendo ya fito da shi, wanda babu wasan a cikinsa. Makulli ne kawai. Ka saya, ka kai gida, ka saka, sai na'ura ta ce ka sauke wasan daga intanet. Street Fighter 6 haka yake, kuma saukewar ta kai wajen giga 50. Star Wars Outlaws ma haka. Ana iya ara wa aboki katin ko a sayar da shi, wannan gaskiya ne, amma duk wanda ya karɓa sai ya sake saukewa. Ku lissafa kuɗin data na giga 50, da daren da za a kwana ana jira, da katsewar sabis a tsakiya. Giga 256 ɗin kuma ba ta da wuyar cika, kuma tsohon katin memori na waya ba ya ɗaukar wasannin Switch 2, sai sabon nau'in microSD Express, mai tsada. Ana rubuta gargaɗin a ƙasan gaban kwalin, tare da hoton makulli da yawan gigar da za a sauke. Ku karanta wurin nan kafin ku miƙa kuɗi. Akwai kuma waɗanda aka sayar a Switch ta farko da sunan wasan gajimare, irin su Control da Hitman 3, waɗanda a wata kwamfuta mai nisa suke gudu, hoton kawai ake turo maka. Wanda sabis ɗinsa ke rawa kada ma ya kusance su.

To a ina na tsaya? Na'urar hannu tana da wata fa'ida da babu bidiyon gwajin da ke aunawa, kuma mu muka fi kowa sanin darajarta. Idan aka ɗauke wuta, PS4 da talabijin ɗinta sun mutu, sai an tayar da janareta, man kuma da kuɗinsa. Na'urar da ke shan wat 10 ƙaramin sola ko babban pawa-bank yana riƙe ta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa tana iya lalata ma'adanar PS4, abin da ba ya samun mai batir. Ga ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, ko mai yawan tafiya, wannan kaɗai yana iya rinjayar ragin inuwa da na ciyawa. Amma na'urar da ke bin ka har shimfiɗa tana cin lokaci fiye da wadda ke jiran ka a falo, kuma wanda bai iya ajiye waya ba idan an kira salla ko jarrabawa ta matso, ya yi wa kansa gaskiya tun kafin ya saya.

A ɗaya gefen, PS4 an sayar da sama da miliyan 117 a duniya. Ma'anar wannan a wurinku ita ce faifanta na hannu suna da yawa kuma da araha, masu gyaranta suna nan a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano, hannun gem ɗinta ana samu ko'ina, kuma akwai wasannin Sony kamar God of War na 2018 da Spider-Man da The Last of Us waɗanda babu su a na'urar Nintendo. Sabuwar na'ura kuwa wasanninta na farko-farko sun yi tsada, Mario Kart World dala 80 aka sa masa. Idan ka sayar da PS4 da faifai goma don ka sayi Switch 2 da kati ɗaya, ka yi tunanin watan da zai biyo baya.

Shawarata ita ce ku ɗauki takarda ku rubuta wasanni uku da kuka san su za ku buga da gaske, ba waɗanda ake yayi ba. Kowane ɗaya ku bincika shi shi kaɗai: hotuna nawa yake yi a sakan a hannu, an cire wani ɓangare ko ba a cire ba, wasan yana cikin katin ko makulli ne, giga nawa za a sauke. Idan akwai wanda kuka sani yana da na'urar, ku roƙi aron rabin awa, ku cire ta daga mazauninta, ku shiga wurin da ya fi cunkoso a wasan, ku juya kamara da sauri, ku ji yadda bayanta ke ɗumi, ku ga kashi nawa batir ya sauka. Idan biyu cikin ukun nan ƙwallo ce da faɗa da abokai a gaban talabijin, ku bar PS4 ɗinku a inda take, ku sayi hannun gem na biyu mai kyau, ku kai ta a buɗe a share mata ƙurar fanka.